Za a iya yin bikin furanni a lambunan ƙauyukan da ke kewaye da Kumasi?

Baban_Hafsa_Aboabo
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Akwai wata magana da ta kwana biyu tana yi mini yawo a rai, na ga ya fi kyau in kawo ta nan kafin in je in ba kaina kunya a gaban manya. Ƙanwata da ke aure a Ingila ta aiko mini da hotunan wani biki da aka yi a wani ƙauye kusa da su a watan Yuli. Rana ɗaya a shekara, gidajen ƙauyen da ke da lambu sai su buɗe ƙofofinsu, baƙo ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ba shi takarda mai nuna gidajen, ya yi ta shiga yana fita yana kallon furanni da kayan lambu. A filin ƙauyen kuma an kafa babbar rumfa, kowa ya kawo abin da ya fi alfahari da shi, alƙalai suna zagayawa suna ajiye ɗan kati kusa da wanda ya zo na ɗaya. Ta ce wata tsohuwa da ba ta iya tafiya sai da sanda ta kawo furanni uku kacal a kwalba, kuma ita ce ta ci.

Tambayata ita ce, mu da muke zaune a garin da ake yi wa kirari da Birnin Lambuna, kuma 'yan'uwanmu da yawa suke riƙe da lambunan bakin rafi, me zai hana mu shirya irin wannan a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da Kumasi? Ko kuwa abin Turawa ne wanda ba zai karɓe mu ba?

Kawu_Ejura
Wa alaikumus salam, ɗana. Ban ƙi ta taka ba, amma bari in faɗa maka abin da manomi zai faɗa maka idan ka same shi da wannan magana. Fure ba ya shiga tukunya. Mutumin da ke lissafin kuɗin taki da kuɗin makarantar yara ba zai ware ƙasa ya shuka abin da ba a ci ba, don kawai mutanen birni su zo su ɗauki hoto. Bature sai da ya ƙoshi sannan ya fara kallon fure.

Hajiya_MaiLalle
Kawu, a gafarce ni, amma a nan kam ban yarda da kai ba, domin mu da muke tsaye a gindin murhu mun san fure yana shiga tukunya. Furen zogale muna tsinkar sa tare da ganyen, kuma duk wadda ta taɓa zama a arewa ta san miyar da ake yi da furen gurjiya idan ya zubo ja wur a lokacin hunturu. Sobolon da yaranmu ke sayarwa a tashoshin mota, daga ina ya fito in ba daga furen yakuwa ba? Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da bishiyar lalle a bayan ɗakinta a Zango, idan ta yi fure sai ta kakkaryo ta sa a cikin adakar tufafinta. Har yau in na ji wannan ƙamshi sai in tuna da zannuwanta na sallah. Ba mu rasa fure ba, sai dai ba mu saba kiran sa da sunan ado ba, da sunan abin da zai zama muke kiran sa.

Malamin_Noma_Kwadaso
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai zan ɗan gyara abu ɗaya don amfanin masu karatu. Abin da ake jiƙawa a yi sobolo ba shi ne ainihin furen ba, kwanson da ke riƙe da furen ne, wanda ke yin kauri ya yi ja bayan furen ya faɗi. Furen yakuwa kansa fari ne mai ɗan ratsin ruwan ɗorawa, da jan ido a tsakiya, yana buɗewa da safe ya yanƙwane kafin rana ta faɗi. Haka furen kuɓewa yake, haka na auduga, domin dukkansu dangi ɗaya ne. Na kawo wannan ne saboda yana da nasaba da tambayar Baban Hafsa: wanda ya shiga gonar kuɓewa da ƙarfe bakwai na safe zai ga abin da ya isa a kira mutane su gani, amma wanda ya zo bayan la'asar ba zai tarar da komai ba sai ganye mai ƙaiƙayi. Ke nan in za a yi wannan biki a wurinmu, bikin hantsi ne, ba na yamma ba.

Baƙon_Ingila
Ni ina zaune a ƙasar da ake magana a kanta, shekaruna sun haura goma a nan, don haka bari in ƙara haske. Wannan al'ada ta buɗe lambun gida ga baƙi tana da tsari da tarihi. A 1927 aka fara wani shiri da ake kira National Garden Scheme, inda masu lambuna 609 suka buɗe ƙofofinsu, kowane baƙo ya biya sule ɗaya, aka tara kuɗin don tallafa wa ma'aikatan jinya masu bin gida-gida. Har yau shirin yana nan, kuma kuɗinsa harkar jinya da lafiya suke tafiya. Babban baje kolin furanni na Chelsea da ake nunawa a talabijin a watan Mayu kuwa, tun 1913 ake yin sa a wurin da yake yanzu, amma wannan na manya ne, ba shi ne na ƙauye ba.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne dalilin da ya sa suke ɗokin abin. Mutanen nan suna shafe watanni cikin sanyi da duhu, a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, bishiyoyi duk sun zama ƙirare. Idan Yuni ya zo, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, komai ya yi fure a lokaci guda, to dole su fito. Na biyu kuma, mafi yawan masu buɗe lambun tsofaffi ne da suka yi ritaya, gidan nasu ne, ƙasar tasu ce, ba wanda zai zo gobe ya ce su tashi.

Ɗan_Lambu_Gyinyase
Alhamdu lillahi da Baƙon Ingila ya taɓo maganar ƙasa, domin nan ne gizo ke saƙar. Ni wannan sana'a na gada, latas da kabeji da albasa mai lawashi nake nomawa, kuma zan yi magana a kan abin da na sani.

Na farko, yawancinmu ƙasar da muke nomawa ba tamu ba ce, aro ce ko haya, kuma babu takarda. Shekarun baya ina da fangali goma sha huɗu a wani fili da na yi shekara shida ina zuba masa kashin kaji har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi kamar gari. Wata safiya na zo da butocin ban ruwa na tarar an sauke yashi da bulo a kan latas ɗin da ya rage mako ɗaya a cire, mai filin ya sayar bai ko gaya mini ba. Wanda ya ga irin wannan ba zai dasa abin da sai ya shekara biyu kafin ya yi fure ba. Kuma ina tsoron ranar da muka ƙawata wuri muka tara masu motoci, a cikinsu ne wani zai ga filin ya yi masa kyau ya je ya nemi mai shi.

Na biyu, matan kasuwa suna sayen fangali guda tun yana gona, wani lokaci ma sun riga sun ba da kuɗin iri. Idan baƙi ɗari suka shigo, hanyar da ke tsakanin fangali da fangali ba ta wuce tafin ƙafa ɗaya ba, wa zai biya abin da aka tattake?

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma zan faɗe shi ba ɓoye-ɓoye. Kowa ya san halin da rafukan garin nan suke ciki, ya ga Subin, ya ga rafin Aboabo. Wasunmu suna da rijiyoyi marasa zurfi masu ruwa mai kyau, wasu kuwa da abin da ya gangaro suke ban ruwa domin ba su da wani. Yaro ɗaya mai waya ya isa ya ɗauki bidiyon wurin da ya fi muni ya sa a Facebook, washegari a ce duk latas ɗin Kumasi guba ne. To ka ga garin neman ƙiba an samo rama.

Baban_Hafsa_Aboabo
Yaya, wallahi ban yi tunanin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma dalilin da ya sa na kawo maganar nan ke nan. Amma shi ya sa na ce ƙauye, ban ce cikin gari ba. Ina nufin wurin da iyali suke da gonarsu ta gado ko ta saye a bayan gida, ruwansu na rijiya ko na burtsatse.

'Yar_Nima
Ina gaishe ku daga Accra. Ina so in tuna muku cewa abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan kamar yadda ake zato. Tun 2013 ake yin baje kolin lambuna da furanni na Gana a nan Accra, kamfanin Stratcomm Africa ne ya faro shi, kuma an sha yin sa a filin wasan yara na Efua Sutherland. Na je sau biyu da ɗalibaina. Akwai masu sayar da tsirrai a tukwane, da masu iri, da masu koyar da yadda ake mai da shara taki. Abin da na lura shi ne mutanenmu na zango ba su cika zuwa kallo ba, alhali idan ka bi bakin manyan titunan garin nan inda ake jera tsirrai a baƙar leda ana sayarwa, da Hausa za ka yi ciniki da yawancin yaran da ke ba su ruwa. Mu ne masu renon, wasu ne masu nunawa. Sannan ga lambun Aburi da aka buɗe tun 1890 a kan tsaunukan Akuapem, wanda duk ranar hutu za ka tarar da shi cike da iyalai sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyi. Saboda haka kada a ce mutumin Gana ba ya biyan kuɗi don ya ga shuka.

Abu_Sumayya
Ni tambayata ga malamai ce. Shin wannan ba kwaikwayon al'adar wasu ba ne? Mun ga yadda maƙwabtanmu ke ɗora furanni a kan akwatin gawa da kaburbura, kada mu buɗe ƙofar da za ta kai mu can.

Malam_Sawaba
Madalla da wannan tambaya, Abu Sumayya. A iya abin da na karanta, kallon shuka da jin daɗin kyanta ba abin zargi ba ne, hasali ma Alƙur'ani a cikin Suratun Namli ya ambaci lambuna masu ƙayatarwa a cikin ni'imomin da Allah ya fitar da ruwan sama. Ya tabbata a hadisin Muslim cewa wanda aka miƙa wa raihan kada ya mayar, domin ba shi da nauyin ɗauka kuma yana da daɗin ƙamshi. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya shuka wani abu ba, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face ya zama sadaka a gare shi. Ɗora fure a kan kabari wata magana ce daban, ba al'adarmu ba ce, kuma ba wanda ya kawo ta a nan. Abin da zan ja hankali a kai shi ne tsarin taron: a tanadi wurin alwala da salla, kada a mai da gonar mutane dandalin kiɗa, kuma abin da aka ce za a yi da kuɗin shiga a yi shi, a kuma karanta lissafin a bainar jama'a. Yawancin tarukanmu a kan kuɗi suke watsewa, ba a kan fatawa ba.

Umma_MaiAdonBiki
Ina so in amsa wa Kawu da ya ce ba a samun kuɗi a fure. Sana'ata ƙawata wurin biki da suna, kuma kusan duk furen da kuke gani a bayan amarya na roba ne, daga Sin ake kawo shi, mu wanke mu sake amfani da shi har ya koɗe. Amma yanzu amare masu ido a waya suna cewa ɗanye suke so. Watannin baya wata uwar amarya ta nace sai ɗanyen wardi, na yi oda daga Accra, aka sako shi a motar dare. Kafin a gama ɗaurin aure a shiga wurin walima, rabinsa ya sunkuyar da kai kamar marar lafiya, na koma ina cusa na roba a tsakani don kada a gane. Da akwai wanda ke noma furen da ke jure zafinmu a nan kusa, in je da asuba in yanko, da ni ce mai saye ta farko, kuma ba ni kaɗai ba ce, mu masu wannan aiki muna da yawa, ga otal-otal, ga majami'u.

Malamin_Noma_Kwadaso
Umma, abin da ya same ki ba laifin direba ba ne kaɗai. Wardin da ake sayarwa a manyan shaguna yawanci daga ƙasashe irin su Kenya yake zuwa, inda ake noma shi a kewayen tafkin Naivasha, wuri mai tudu da ya kusa mita 1,900 daga saman teku, dare da sanyi, rana da haske. Kumasi kuwa ba ta kai mita 300 ba, ga laima, shi ya sa ganyen wardi ke yin baƙin tabo ya zube. Wanda ya ce zai yi gasa da Kenya a nan zai sha wahalar banza. Abin da ƙasarmu ke so shi ne tsirran kurmi, irin su helikoniya mai kama da ƙaramar ayaba, da dangin citta masu jan fure, waɗanda in an yanke su suna yin kwanaki a ruwa ba su lalace ba.

Ga Yaya na Gyinyase kuma, akwai furen da ba ya buƙatar shekara biyu. Marigol, ɗan gajeren nan mai ruwan lemo da ƙamshi mai ƙarfi, yana yin fure cikin wata biyu, kuma saiwarsa tana rage ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli. Ya fi aiki idan aka cika fangalin da shi na zango guda kafin a dasa tumatir. Wannan ba ado ba ne kawai, magani ne.

Kawu_Ejura
To, na ji, kuma Hajiya ta kayar da ni a kan maganar tukunya, ban musa ba. Amma in dai nuna amfanin gona ne, ai muna da ranarsa. Tun 1985 ake yin Ranar Manoma a ƙasar nan, Juma'ar farko ta Disamba, bayan abin da muka gani na fari da gobarar daji da yunwa a 1983, wanda mu da muka rayu a lokacin ba ma fatan Allah ya maimaita. Kowace gunduma tana yin nata taron. Me zai hana a nemi rumfa ɗaya a can a jera furannin, maimakon a ƙirƙiro sabon abu?

Ɗan_Asawase
Kawu, Ranar Manoma tana da muhimmancinta, amma a can manomi ne ke ɗauko kayansa ya kai wa manya, ya zauna a rana yana sauraron jawabi. Abin da Baban Hafsa ya kawo akasin haka ne, mutane ne za su taka su je wurin manomi, shi ne mai gida, shi ne mai bayani. Wannan bambancin shi ne duk daɗin abin. Ga shi kuma a Disamba hunturu ya fara busar da komai.

Hajiya_MaiLalle
To wane wata ke nan? Domin abin da su suke kira lokacin zafi, mu a nan tsakiyar ruwa ne.

Malamin_Noma_Kwadaso
Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya. A nan kudu damina biyu gare mu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, sannan ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta, ƙarama kuma ta zo daga Satumba zuwa Nuwamba. Agusta tana da daɗi domin gari ya yi sanyi, ƙasa tana da danshi, hanya ba ta cika caɓewa ba, sai dai rana ba ta cika fitowa ba, kuma fure yana son haske. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi yawan fure, a lokacin ne ma yakuwa ke yin nata, domin tana jiran yini ya fara gajarta. Ni da za a bi tawa, farkon Nuwamba zan zaɓa.

Baƙon_Ingila
Malam, ta fuskar shuka ka fi ni sani, amma ta fuskar aljihu Agusta ta fi. A lokacin ne boga, wato 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, suke dawowa gida da 'ya'yansu saboda hutun makaranta, kuma yaran nan da aka haifa a waje ba su taɓa ganin yadda kuɓewa ke fita a jikin itacenta ba. Iyayensu za su biya ba tare da ciniki ba.

Tsohon_Direba_Alabar
Kuna ta maganar wata, ba ku yi maganar rana ba, kuma ba ku yi maganar masu gari ba. Na yi shekara talatin ina bin ƙauyukan Asante da mota, bari in gaya muku. Asabar ranar jana'iza ce, in aka yi babban rashi a ƙauye ba wanda zai kalli furenku, kuma ba za ku sami inda za ku ajiye mota ba. Lahadi da safe suna coci, sannan duk bayan mako shida akwai Akwasidae, bikin gargajiya na Asante da ake yi ranar Lahadi. Wasu ƙauyukan kuma suna da ranar da ba a shiga gona ko a je rafi, kowane gari da tasa, sai an tambaya. Kafin a buga ko takarda ɗaya, sai an sami Sarkin Zangon wurin ya yi muku jagora zuwa gaban odikro, wato mai garin ƙauyen, a gaishe shi yadda ake gaishe su. Su a al'adarsu kwalbar giya ake kaiwa, amma sun san mu, in aka kai kuɗi a madadinta suna karɓa ba tare da ɓacin rai ba. In kuka tsallake wannan, ko da gonar ta ubanku ce, za ku ga abin da ba ku zata ba.

Injiniya_Tafo
Ni dai kirarin nan na Birnin Lambuna da aka ambata a farko shi ke ba ni takaici. Sunan yana da alaƙa da tsarin gari da Maxwell Fry, wani Baturen Ingila masanin zanen gine-gine, ya zana wa Kumasi a 1945, wanda ya bar fadamu da bakin rafuka a matsayin filayen kore da za su ratsa gari. Yau ku je ku duba waɗannan wurare, gidaje ne da shaguna da gareji, shi ya sa ruwan awa biyu ke shiga ɗakunan mutane a Aboabo. An buɗe wurin shaƙatawa na Rattray a 2015, an gode, amma wuri ɗaya ba zai maye gurbin abin da aka cinye ba. Lokacin da nake yaro, daga Tafo zuwa cikin gari a inuwa muke tafiya mafi yawan hanya.

Ɗan_Asawase
Injiniya, gaskiya ka faɗa, amma in muka shiga maganar filaye da ambaliya ba za mu fito ba sai gobe. A dawo kan bikin.

MaiZuma_Effiduase
Akwai baƙin da ba a sa su a lissafi ba, su ne ƙudan zuma. Ina da amya goma sha biyu a gefen wata gonar lemo, kuma abin da ke kashe mini su shi ne feshin da ake yi da rana tsaka lokacin da shuka ke cikin fure. In har za a yi wannan biki, sharaɗin farko ya zama duk gonar da za ta shiga ta dakatar da feshi kwanaki kafin ranar, don lafiyar yaran da za su taɓa ganye su sa hannu a baki, da kuma don baƙi su tarar da gonar tana da rai. Gonar da aka yi wa feshi jiya shiru take kamar maƙabarta. Mutane da yawa ba su san cewa kabewa da kankana ba sa yin 'ya'ya sai ƙwaro ya ɗauki garin furen namiji ya kai wa na mace ba. Koko ma da ƙasar nan ke taƙama da shi, furensa ɗan mitsitsi ne a jikin kututture, wasu ƙananan ƙudaje ne da ba su kai sauro ba suke yi masa wannan aiki. In an nuna wa yaro wannan da idonsa, ya fi masa karatun wata guda. Masu zuwa dajin Bobiri kallon malam-buɗe-littafi ai kuɗi suke biya, kuma ba a ba su komai su tafi da shi gida.

Hajiya_MaiLalle
Ina da ƙorafi ɗaya, kuma ga Baban Hafsa nake yin sa. Tun da aka fara ana ta cewa manomi, manomi, kamar maza ne kaɗai ke shuka. Ku shiga gidajen haya na zango ku duba bayan ɗakunan mata. Maƙwabciyata tana da tsofaffin gwangwanayen Milo da bokitin da ya fashe da tayar mota guda biyu, a ciki ta shuka na'ana'a da ɗoɗɗoya da barkono da wani fure ja da ta samo a wurin aikinta. Ta kewaye su da tsohon gidan sauro saboda awakin mai gida, kuma da ruwan da ta wanke shinkafa take ba su. Wannan matar ba ta da gonar da za ta buɗe wa kowa, amma in aka ce ta kawo gwangwaninta ɗaya a ajiye a rumfa a rubuta sunanta a jiki, ina tabbatar muku ba za ta yi barci ba daren ranar.

Baban_Hafsa_Aboabo
Hajiya, na karɓi wannan gyara da hannu biyu. Tsohuwar da na ba ku labari a farko ma ai furanni uku ta kawo.

Abu_Sumayya
Na gamsu da bayanin Malam. Sai dai maganar alƙalai da na ɗaya da na biyu, ina ganin a bar ta. Mun san kanmu, in aka ba matar wane kyauta aka hana matar wane, gabar da za ta biyo baya sai ta shekara ba ta mutu ba.

Baƙon_Ingila
Abu Sumayya, kada ka ɗauka su ma mala'iku ne. A ƙauyen da nake zuwa akwai dattawa biyu da ba sa ga maciji saboda gasar wanda ya fi girman albasa. Dabarar da suke yi ita ce a ɗauko alƙali daga wani gari, kuma a kife sunan mai kaya har sai an gama hukunci. In aka cire gasar gaba ɗaya, ina tsoron mutane ba za su dage ba.

Kawu_Ejura
Ni har yanzu ban ga wanda ya ce ga gonata ba. Kowa yana ba da shawara a kan gonar wani.

Ɗan_Lambu_Gyinyase
Kawu ya yi gaskiya, to bari in ɗan motsa. Fangalina na haya ba zan buɗe wa kowa ba, dalilaina suna nan yadda na faɗe su. Amma surukina yana da gona tasa ta kansa a wani ƙauye a kan hanyar Ejisu, da rijiya a ciki, yana noma kuɓewa da yakuwa da gauta, matarsa kuma tana da zogale a jere a bakin shinge. Zan yi masa magana, ban yi alkawarin zai yarda ba, domin mutum ne da ba ya son hayaniya. In ya yarda, shawarata kada a kira shi biki tukuna. A fara da mutum ashirin, motar haya ɗaya, a ja igiya a nuna inda za a taka. Malamin Noma, in za ka samo mini irin marigol ɗin nan, zan gwada shi a fangali biyu da tumatir ya ƙi yi mini bara, in ga ko maganarka za ta tabbata.

Malamin_Noma_Kwadaso
Zan kawo maka ranar Talata in Allah ya kai mu. Kada ka binne shi da zurfi, ka yayyafa ƙasa kaɗan a kai, kuma ka ajiye busassun furannin farko domin su ne irinka na gaba.

Umma_MaiAdonBiki
A sa sunana a cikin mutum ashirin ɗin, kuma zan zo da almakashina ko da surukin naka zai yarda in yanki wani abu. Amma har yanzu ba a ce Agusta ko Nuwamba ba, kuma ni Nuwamba bukukuwa sun yi mini yawa.

Tsohon_Direba_Alabar
In hanyar Ejisu ce, sai an tashi daga Aboabo kafin ƙarfe shida, in ba haka ba cunkoson Oforikrom zai riƙe ku har furen kuɓewar ya rufe. A fara tambayo mini sunan ƙauyen, in ji ko na san odikronsu.